Zuwa sararin samaniya da nutsawa ƙasan teku: wanne ya fi wuya, wanne ya fi tsada?

Wani ɗalibi daga Garwa, wanda ke shirin jarrabawar bakaloriya a ɓangaren kimiyya, ya aiko da tambaya cewa ya sha jin ana faɗin ɗan'adam ya fi sanin fuskar wata a kan ƙasan teku, kuma waɗanda suka taka wata sun fi waɗanda suka kai wuri mafi zurfi a teku yawa. Yana so ya san ko hakan na nufin binciken teku ya fi na sama wuya, kuma idan haka ne, wanne ne ya fi cin kuɗi.

Ɗana, tambayarka biyu ce a haɗe, kuma amsoshinsu ba hanya ɗaya suka bi ba. Ta fuskar kuɗi babu gardama, binciken sararin samaniya ya fi tsada nesa ba kusa ba. Ta fuskar wuya kuwa sai an bambance, domin wahalar sama tana wajen isa can, ita kuma wahalar teku tana farawa ne bayan an isa: a gani, a yi magana da na'ura, a kuma hana ruwa murƙushe ta. Abin da ya sa ba mu san teku sosai ba shi ne ruwa yana rufe ido, sannan gwamnatoci ba su zuba masa kuɗi kamar yadda suka zuba wa sama ba.

Bari mu fara da isa wurin. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana shawagi ne a tsayin kimanin kilomita 400, wanda ba wata tafiya mai nisa ba ce idan a kan titi ne. Matsalar gudu ce. Duk abin da ake so ya zauna yana kewaya duniya ba tare da ya faɗo ba, dole ya yi gudun kusan kilomita 28,000 a awa guda, kuma babu abin da ke kai kaya ga wannan gudu sai roka. Ita kuwa roka tana ɗauke da man da za ta ƙona, kuma wannan man shi kansa nauyi ne da ke buƙatar ƙarin mai don a ɗaga shi, har ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na nauyin roka a lokacin tashi mai ne kawai. Rokar Saturn V da ta kai Amurkawa wata tana da tsayin mita 110 da nauyin kusan tan 2,900, amma abin da ya dawo duniya da mutanen uku a ciki bai wuce tan 6 ba. Sauran duk ya ƙone, ko ya faɗa teku, ko an bar shi a sama. Daga nan tsadar ta samo asali. Ko a yau da kamfanoni irin su SpaceX ke dawo da ɓangaren farko na roka su sake amfani da shi, kai kilo ɗaya zuwa kewayen duniya yana cin dubban daloli.

Shi kuwa mai nutsawa teku, nauyi ne ke yi masa aiki kyauta. A ranar 23 ga Janairun 1960, Jacques Piccard ɗan ƙasar Suwizalan da Don Walsh na rundunar ruwan Amurka suka sauka ramin Challenger da ke cikin kwazazzabon Mariana a tekun Fasifik, wurin da zurfinsa ya kai kusan mita 11,000. Jirginsu mai suna Trieste ba shi da wani babban inji. Wata katafariyar tanka ce cike da fetur, saboda fetur ya fi ruwa rashin nauyi kuma matsi ba ya takure shi kamar iska, da wani dunƙulen ƙarfe a maƙale a ƙasanta inda mutanen biyu suka zauna, sai tarin ƙananan ƙwallayen ƙarfe da ke janyo jirgin ƙasa. Saukar ta ɗauki kusan awa biyar, suka yi kimanin minti 20 a ƙasa, da suka so dawowa sai suka saki ƙwallayen, fetur ya taso da su. Rundunar ruwan Amurka ta sayi wannan jirgi a 1958 a kan dala 250,000. Ka lura da shekarar saukar: sai a watan Afrilun 1961 Yuri Gagarin ya fita sararin samaniya, wato ɗan'adam ya riga ya kai ƙarshen zurfin teku kafin ya kai sama.

Abin da ke jiran mutum a can ƙasa shi ne matsin ruwa. A bakin teku iska tana danna kowane santimita murabba'i na jikinmu da nauyin kimanin kilo ɗaya, kuma duk mita 10 da aka nutsa sai a ƙara wani kilon. Wanda ya taɓa nutso a Binuwai ya san yadda kunne ke ciwo a mita biyu ko uku kacal. A ƙasan ramin Challenger matsin ya ninka na bakin teku fiye da sau 1,000, wato sama da tan guda a kan kowane santimita murabba'i, kamar a ce bijimai uku na kasuwar shanu ta Ngaundere sun tsaya a kan farcen babban yatsanka. Kumbo a sararin samaniya ba ya fuskantar komai makamancin wannan. A ciki akwai iskar shaƙa, a waje babu komai, saboda haka bambancin matsin bai wuce kilo ɗaya a santimita murabba'i ba. Shi ya sa bangon ƙaramin kumbon da ya sauka a wata bai kai kaurin milimita ɗaya ba a wasu wurare, alhali bangon dunƙulen Trieste, wanda kamfanin Krupp na Jamus ya ƙera, ya kai kusan santimita 13, kuma duk da haka wata taga ta waje ta tsage ana cikin sauka, har jirgin ya girgiza.

Kuma matsi ba ya ba da lokacin gyara. Idan ƙaramin rami ya ɓulle a tashar sama, iska tana fita a hankali, 'yan sama jannati suna da sa'o'i ko kwanaki na neman wurin su toshe. A cikin teku kuwa, da zarar bango ya gaza, komai ya ƙare kafin ƙiftawar ido. Haka na'urar nutso marar matuƙi mai suna Nereus, ta cibiyar binciken teku ta Woods Hole a Amurka, ta tarwatse a 2014 a zurfin kimanin mita 9,900 a kwazazzabon Kermadec, haka kuma jirgin Titan ya murƙushe a watan Yunin 2023 da mutum biyar a ciki, a kan hanyarsa ta zuwa ɓaraguzan Titanic da ke kwance a zurfin mita 3,800. Ɗan sama jannati yana iya sa rigarsa ya fita waje ya ɗaure ƙusa da hannunsa, amma babu rigar da za ta bar mutum ya fito a mita 4,000. Ƙwararrun masu nutso na kamfanin Comex na Faransa, waɗanda suka fi kowa zurfafawa da jikinsu, sun kai mita 534 a tekun Bahar Rum a 1988, kuma duk wanda ya yi aiki a irin mita 300 yana buƙatar fiye da mako guda a cikin ɗakin rage matsi kafin ya fito iska, in ba haka ba iskar da ta narke a jininsa za ta yi kumfa ta hallaka shi. Dawowa daga wata kwana uku ne. Mu a Kamaru mun ga abin da ruwa mai zurfi ke iya riƙewa a ƙarƙashin matsi tun daren 21 ga Agustan 1986, lokacin da tafkin Nyos, mai zurfin kimanin mita 200 kawai, ya saki iskar da ya tara ta kashe mutum sama da 1,700.

Duk da haka, a ganina matsi ba shi ne babbar wahalar ba, domin an riga an san maganinsa: dunƙule mai kauri na ƙarfen titaniyom, da kumfa ta musamman mai ƙananan ƙwallayen gilashi da ke ba da tasowa, da cika sassan inji da mai don kada a bar wurin da ruwa zai danne. Babbar wahalar ita ce ruwan teku yana haɗiye haske da zangon rediyo, alhali su biyun ne duk abin da binciken sama ya dogara a kai.

Sararin samaniya fanko ne, haske yana ratsa shi ba shamaki. Madubin hangen nesa yana kallon taurarin da haskensu ya yi biliyoyin shekaru a hanya. Kumbon Voyager 1, wanda aka harba a 1977, ya yi nisan fiye da kilomita biliyan 20, kuma har a 'yan shekarun nan ana karɓar saƙonsa ana aika masa umarni. Kumbo guda da ke kewaya wata ko duniyar Mars yana iya ɗaukar hoton fuskarta gaba ɗaya cikin 'yan shekaru, har ma kumbon Magellan ya leƙa ƙarƙashin gizagizan duniyar Zuhura da na'urar rada a farkon shekarun 1990 ya zana taswirar kusan dukkanta. A teku kuwa hasken rana yana raunana sosai a mita 200, a mita 1,000 duhu ne ƙirin, alhali matsakaicin zurfin teku ya kai kimanin mita 3,700, wato ko dutsen Emi Kussi na Tibesti, mai tsayin mita 3,415, idan aka kafa shi a irin wannan wuri ruwa zai shafe kansa. Fitilar jirgin ƙarƙashin ruwa mafi ƙarfi ba ta haska fiye da 'yan gomman mitoci. Na'urar GPS ba ta aiki a ƙarƙashin ruwa, wayar iska ba ta aiki, babu hasken rana da zai caja batir. Abin da ya rage shi ne sauti, wanda ke tafiyar kimanin mita 1,500 a daƙiƙa a cikin ruwa, kuma ba ya ɗaukar bayanai masu yawa. Saƙon rediyo daga duniya zuwa wata, nisan kilomita 384,000, ba ya kai daƙiƙa ɗaya da rabi, amma saƙon sauti daga jirgi zuwa ƙasan ramin Challenger, kilomita 11 kacal, yana ɗaukar fiye da daƙiƙa bakwai. Idan ana son hoton bidiyo kai tsaye daga na'urar da ke ƙasa, sai an ɗaura mata waya mai tsawon kilomitoci daga jirgi, kuma tsinkewar irin wannan waya ce ta sa Japan ta rasa na'urarta Kaiko a 2003.

Saboda haka taswirar ƙasan teku ana yin ta ne da jirgin ruwa mai na'urar aika sauti, yana tafiya a hankali, bai fi kilomita 20 a awa ba, yana auna ziri ɗaya na ƙasan tekun, ya kai ƙarshe ya juyo ya ɗauki ziri na gaba. Faɗin tekunan duniya kuwa kimanin kilomita murabba'i miliyan 360 ne, wato ƙasar Chadi sau 280. Shirin Seabed 2030, wanda aka kafa a 2017 lokacin da kashi 6 cikin 100 na ƙasan teku kaɗai aka auna da kyau, ya kai adadin zuwa kaɗan fiye da rubu'i ya zuwa 2024. Sauran ana hasashensa ne daga taurarin ɗan'adam, waɗanda ke auna ƙananan tudu da kwari a saman ruwa da nauyin duwatsun ƙasa ke haifarwa, kuma irin wannan taswira ba ta nuna abin da bai kai girman 'yan kilomitoci ba. Wannan ita ce gaskiyar da ke cikin maganar da ka ji. Kana iya ganin ƙaramin misalinta a gida: hotunan taurarin ɗan'adam sun nuna wa duniya yadda tafkin Chadi ya ja baya daga kimanin kilomita murabba'i 25,000 a shekarun 1960, amma wanda ke son sanin yawan laka da ta taru a ƙasan madatsar Lagdo, dole ya shiga kwalekwale da ma'aunin zurfi ya bi ruwan layi-layi.

Illar wannan makanta tana fitowa fili idan wani abu ya ɓata. Jirgin Air France da ya taso daga Riyo zuwa Faris ya faɗa tekun Atlantika a watan Yunin 2009 da mutum 228, kuma duk da an san kusan inda ya faɗa, sai a watan Afrilun 2011 aka gano ɓaraguzansa a zurfin kimanin mita 3,900. Jirgin Malesiya mai lamba MH370 da ya ɓace a watan Maris na 2014 da mutum 239, an tsefe masa kilomita murabba'i 120,000 na ƙasan tekun Indiya a zagayen farko na nema ba a gan shi ba. A 2010 kuma, rijiyar man da ta fashe a mashigin tekun Meziko a zurfin mita 1,500 ta yi kwana 87 tana kwarara kafin a toshe ta, alhali manyan injiniyoyin duniya na kanta, saboda komai sai ta hannun na'ura ake taɓa shi.

Kada wannan ya sa ka raina wahalar sama, domin tana da nata da teku ba shi da su. Ɓangaren kumbo da ke fuskantar rana yana wuce digiri 100 na zafi yayin da wanda ke inuwa ke ƙasa da sifili da fiye da digiri 100. Akwai tururin rana da na taurari da ke lalata na'urori da ƙwayoyin jiki, ƙashin ɗan sama jannati yana raguwa da kimanin kashi 1 cikin 100 a kowane wata, sannan dawowa cikin iskar duniya da wancan gudu yana haifar da zafin da ke narkar da ƙarfe, wanda shi ya hallaka mutum bakwai na kumbon Columbia a 2003. Mafi girma duka, abin da aka aika nesa ba ya dawowa gyara. Jirgin ƙarƙashin ruwa na bincike mai suna Alvin yana nutsawa tun 1964, yana sauka da safe ya taso da yamma a duba shi, an kuma sake masa kusan kowane sashe a tsawon shekaru. Motar da aka aika Mars kuwa, bayan tafiyar wata bakwai, dole ta yi aiki daidai tun karon farko, kuma wannan buƙata ta rashin kuskure ita ce ke sa dubban injiniyoyi su yi shekara goma suna gwaji, albashinsu kuma shi ne mafi yawan kuɗin.

Ga alƙaluman, domin su ne ke raba gardama. Shirin Apollo na kai mutane wata ya ci kimanin dala biliyan 25 a kuɗin wancan zamani. Tashar sama ta ƙasa da ƙasa ta ci sama da dala biliyan 100. Madubin hangen nesa na James Webb, da aka harba ranar 25 ga Disamban 2021 daga Kuru a Giyanar Faransa, ya ci kimanin dala biliyan 10, wanda idan aka juya shi zuwa sefa ya yi kusa da kasafin kuɗin Kamaru na shekara guda. Motar Perseverance da ta sauka Mars a 2021 ta ci kimanin dala biliyan 2.7. Ko Indiya, da ake yabo da tsimi, ta kashe kimanin dala miliyan 74 a kumbonta da ya isa Mars a 2014. A ɗaya ɓangaren, na'urar Nereus da ta iya kaiwa ƙarshen zurfi ta ci kimanin dala miliyan 8, kuma attajiri guda, Victor Vescovo, da kuɗin aljihunsa ya sa aka ƙera jirgin da ya sauka wuri mafi zurfi na dukkan tekuna biyar tsakanin 2018 da 2019, ya kuma riƙa komawa ramin Challenger da fasinjoji. Babu mutum ɗaya da ya taɓa kai kansa wata da kuɗinsa. Hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, tana samun kusan dala biliyan 25 a shekara, yayin da ofishin binciken teku na gwamnatin Amurkan ke samun gomman miliyoyi. Tsadar teku tana cikin jirgin da ke ɗauke da na'urorin, wanda ke cin gomman dubban daloli a kowace rana, amma ko da haka masana sun kiyasta cewa kammala taswirar ƙasan teku baki ɗaya ba zai wuce 'yan biliyoyin daloli ba, kwatankwacin abin da aka kashe a kumbon Europa Clipper da aka harba a 2024 don ya leƙa tekun da ke ƙarƙashin ƙanƙarar wani watan duniyar Mushtari.

Batun yawan mutane kuma ya tsufa. Mutum 12 ne suka taka wata tsakanin 1969 da 1972. Ramin Challenger, bayan Piccard da Walsh, ya yi shekara 52 babu wanda ya koma sai James Cameron, mai shirya fina-finai, a 2012, amma daga 2019 zuwa yau waɗanda suka sauka sun haura 20, cikinsu har da Kathy Sullivan, wadda ta yi tattaki a sararin samaniya a 1984 ta kuma sauka ramin a 2020, da 'yan Sin a jirginsu Fendouzhe su ma a 2020. Waccan tazara ta shekara 52 ba gazawar fasaha ba ce. Amurka da Tarayyar Sobiyet sun yi tsere zuwa wata ne saboda rokar da ke kai kumbo ita ce ke kai makami, kuma duk duniya tana ɗaga kai ta ga wanda ya yi nasara, alhali babu gwamnatin da ke samun kwarjini daga ramin da ba mai ganinsa. Waɗanda suka kashe kuɗi sosai a zurfin teku su ne kamfanonin mai da rundunonin soja, kuma yawancin abin da suka auna suna ɓoye shi.

Abin da ke damuna a nan shi ne amfanin da ake bari. Saukar Alvin kusa da tsibiran Galapagos a 1977 ta gano maɓuɓɓugan ruwan zafi a zurfin kimanin mita 2,500, kewaye da halittun da ke rayuwa ba da hasken rana ba sai da sinadaran da ke fitowa daga ƙasa, kuma wannan ya sauya fahimtar masana game da inda rai ke iya wanzuwa, a kan kuɗin da bai kai na harba roka ɗaya ba.

Kana iya cewa mu da ke Garwa da Marwa da Injamena, nesa da gaɓa da ɗaruruwan kilomitoci, ina ruwanmu da teku. Daminarmu daga can take zuwa. Iskar da ke kawo ruwan da ake shuka gero da dawa da auduga da shi tana ɗebo laimarta daga mashigin tekun Gini, kuma bincike ya danganta farin da ya addabi Sahel a shekarun 1970 da 1980 da sauyin ɗumin tekuna. Taurarin ɗan'adam na Meteosat, da ke aiki tun 1977, suna ganin gajimare da ɗumin fatar ruwa kawai. Abin da ke ƙasa da haka sai na'urorin Argo, kimanin 4,000 a duniya, waɗanda ke nutsawa mita 2,000 su taso duk kwana goma su miƙa wa tauraron ɗan'adam abin da suka auna, da kuma tasoshin auna yanayin teku na PIRATA da Faransa da Burazil da Amurka suka kafa a tsakiyar Atlantika tun ƙarshen shekarun 1990. Hasashen damina da cibiyar AGRHYMET ta Yamai ke fitarwa yana buƙatar duka biyun. Haka nan intanet ɗin da ka aiko tambayarka da shi, mafi yawansa ta wayoyin da ke kwance a ƙasan teku yake bi, waɗanda ke fitowa a Duwala da Limbe da Kiribi, daga nan a ja su ta ƙasa zuwa arewa har Chadi. Ɗaya daga cikinsu ta taso daga Kiribi ta ratsa Atlantika kimanin kilomita 6,000 zuwa Fortaleza a Burazil. A ranar 14 ga Maris na 2024 wayoyi huɗu suka lalace a lokaci ɗaya a gaɓar Kwaddibuwa, intanet ya raunana a ƙasashe da dama na yammaci da tsakiyar Afirka har da Kamaru, kuma gyaran ya ɗauki makonni, domin sai da aka jira jiragen gyara, waɗanda ba su da yawa a duniya, suka iso wurin, suka laluba wayoyin a ƙasan ruwa da ƙugiya, suka ɗago kowane ɓari zuwa bisa jirgi, aka haɗa zaren gilashin ɗaya bayan ɗaya sannan aka mayar.